Amincin Nau'i a Jerin Bayanai Masu Lambar Gurbi

Amincin nau'i ƙa'ida ce a fannin rubuta manhajar kwamfuta, wadda ke hana a ɗauki wani irin bayani a matsayin wani, kamar a ɗauki rubutu a matsayin adadi. Idan ana maganar jerin bayanai, wato ma'ajiyar da ke ɗauke da abubuwa a jere kowanne da lambar gurbinsa, ƙa'idar ta shafi abin da ke cikin jerin da kuma lambar da ake nemo shi da ita. Harsunan kwamfuta sun fi bambanta a kan lokacin da suke kama kuskure: kafin manhaja ta fara aiki, ko tana tsaka da aiki, ko kuma ba sa kamawa sam.

Harshen C ba ya duba iyakar jeri. Jeri mai abubuwa 10 gurabensa daga 0 ne zuwa 9, amma idan aka nemi gurbi na 10, manhajar za ta iya karanto duk abin da ta tarar a ma'ajiyar kwamfuta kusa da jerin. Irin wannan sakaci ne ya haifar da ɓarakar Heartbleed a OpenSSL (manhajar tsare sirrin sadarwar intanet), wadda aka bayyana a 2014, inda ake iya zaro sirrin masu amfani daga sabar intanet. Ba sabuwar damuwa ba ce. Masanin kwamfuta Tony Hoare ya faɗa a laccarsa ta karɓar lambar yabo ta Turing a 1980 cewa kamfailar harshen ALGOL 60 da suka gina (kamfaila ita ce manhajar da ke fassara abin da aka rubuta zuwa umarnin da kwamfuta ke ganewa) tana sa a duba kowace lambar gurbi, kuma da aka tambayi masu amfani da ita ko suna son a ba su damar kashe binciken don ƙarin sauri, sai duk suka ce a bar shi.

Matsalar Java ta fi wuyar ganewa. Harshen ya yarda a ɗauki jerin String (nau'in rubutu) a matsayin jerin Object (nau'in da ya haɗa rubutu, adadi da sauransu), tunda kowane String ai Object ne. Karatu daga jerin ba shi da illa, ajiya ce ke da haɗari. Mai rubutu zai iya sanya adadi a gurbi na 0, kamfaila ta wuce ba ta ce uffan ba, sai manhaja ta zo wannan layin sannan ta tsaya da kuskuren ArrayStoreException. C# ma ta gaji wannan hali. Da aka shigo da nau'o'in gama-gari (irin su List, jerin da ake faɗa masa nau'in abin da zai ɗauka) a Java 5 a 2004, ba a maimaita shi ba: List na String ba ya zama List na Object, kuma wannan shi ne daidai.

Ɓangaren da aka fi sakaci da shi ita ce lambar gurbin kanta. A ce manhaja tana da jerin ɗalibai da jerin darussa, duka biyun ana nemo su da adadi na yau da kullum. Idan aka kai lambar ɗalibi cikin jerin darussa, babu mai tsayar da ita muddin ba ta wuce iyaka ba. Amsa za ta fito, ba daidai ba, kuma shiru kake ji. Maganinsa shi ne a ba kowace lamba nau'inta. Pascal, wanda Niklaus Wirth ya fitar a 1970, da Ada sun bari a yi jeri wanda gurabensa ranakun mako ne, ko adadi daga 1 zuwa 12 kawai. Kamfailar Rust tana amfani da wannan dabara a cikinta ta hanyar IndexVec, jerin da lambar gurbinsa ke da nau'inta na musamman. Swift kuwa ta hana nemo harafi a cikin rubutu da adadi, domin haruffan Unicode (tsarin ajiye haruffan harsunan duniya a kwamfuta) ba girmansu ɗaya ba a ma'ajiya.

Wasu harsunan sun sa yiwuwar rashin abu a cikin nau'in amsar. A Rust, get, umarnin ɗauko abu daga gurbi, tana dawo da Option, nau'in da ke nufin ko akwai abu ko babu, don haka dole mai rubutu ya tanadi abin da zai yi idan gurbin babu shi. TypeScript ta ƙara zaɓin noUncheckedIndexedAccess a 2020 don wannan manufa.

Agda da Idris sun kai abin matuƙa. A can tsawon jeri yana cikin nau'insa, kuma nau'in Fin n ya ƙunshi adadin da ke ƙasa da n kaɗai, saboda haka lambar da ta wuce iyaka ba ta ko rubutuwa. Wahalar ita ce idan tsawon jerin daga fayil zai zo, sai an duba shi an kafa wa kamfaila hujja tukuna, kuma wannan nauyi na cikin dalilan da suka sa aka fi ganin harsunan a fagen bincike.