Waiwaye: Gidan fatalwar da ba a taɓa ganin fatalwa a cikinsa ba

Hausawa na cewa tsoro na daji, kunya na gida. Masu shirya finafinai a Amurka sun daɗe da kwaso tsoron nan daga daji suka shigo da shi har uwar ɗaka, sai dai da farko wasa suke yi da shi. A fim ɗin The Cat and the Canary na 1927, dangi ne suka taru a wani tsohon gida don jin wasiyya, daga ƙarshe ta bayyana cewa abin da ke razana su ɗan'uwansu ne mai kwaɗayin gado. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru: a tsorata mutane, sannan a ce musu ai ba komai, mutum ne.

Hanyar da ta kai ga The Haunting na 1963 kuwa, fim ɗin da wannan waiwaye yake kansa, ta faro ne daga ƙarancin kuɗi. A shekarun 1940 kamfanin RKO ya ɗora wa furodusa Val Lewton aikin yin finafinan ban tsoro da 'yan kuɗi kaɗan. Tunda ba halin ƙera dodo, sai ya koma ga duhu da inuwa da sauti, ya bar mai kallo ya ƙera dodonsa da kansa. Cikin yaransa akwai Robert Wise, wanda ya tace fim ɗin Citizen Kane na 1941, kuma a hannun Lewton ya fara ba da umarni a 1944.

Yana cikin kammala fim ɗin West Side Story na 1961, Wise ya ɗauko littafin Shirley Jackson na 1959, The Haunting of Hill House, don ya mayar da shi fim. A Ingila aka yi aikin saboda ya fi sauƙin kuɗi, aka ɗauki hoton gidan labarin ta waje a Ettington Park da ke Warwickshire. Ya zaɓi baƙi-da-fari da gangan, ya kuma karɓo wa kyamararsa wani sabon gilashi daga kamfanin Panavision wanda ba a gama gyara shi ba, yana lanƙwasa hoto. Lanƙwasar ce ma yake nema, don bangaye su zama kamar suna karkata kan mutum.

Labarin ba shi da yawa. Wani malami, Dakta Markway, ya tara mutum uku su kwana a gidan don binciken fatalwar da ake cewa tana cikinsa. Cikinsu akwai Eleanor, wadda Julie Harris ta fito a matsayinta, mace da ta shafe shekara 11 tana jinyar mahaifiyarta, ba ta da inda za ta kira gidanta. A nan fim ɗin ya fi kama ni. Da dare ana buga bango da ƙofofi kamar da guduma, ƙofar katako tana kumbura tana komawa kamar mai numfashi (ma'aikata ne ke turo ta daga baya). A wani dare Eleanor tana kwance cikin duhu, ta riƙe hannun abokiyar kwananta Theodora gam, tana kukan an matse mata yatsu. Da aka kunna fitila, ga Theodora can a kan gadonta a ɗaya gefen ɗakin. Hannun wa ke nan? Fim ɗin bai amsa ba, kamar yadda bai taɓa faɗa ba ko gidan ne ke da iska ko Eleanor ce hankalinta ke gushewa.

Lokacin da ya fito bai yi wata kasuwa ta a zo a gani ba. Darajarsa daga baya ta zo, har fitaccen mai ba da umarni Martin Scorsese ya sa shi a farkon jerin finafinan da suka fi ba shi tsoro. A 1999 Jan de Bont ya sake shirya labarin da maƙudan kuɗi da Liam Neeson da fatalwowin kwamfuta birjik, kowace kusurwa da abin da ke leƙowa, masu sharhi suka yi masa ca. Netflix ma ta juya littafin zuwa shiri mai dogon zango a 2018. Shi kuwa Wise, fim ɗin da ya biyo bayan wannan a hannunsa shi ne The Sound of Music na 1965, mai cike da yara da waƙe-waƙe.