Mamiya RB67: Tambayoyi da amsoshi ga mai son ɗaukar hoto da babban fim

Wace irin kyamara ce wannan?

Kamfanin Mamiya na Japan ne ya fito da ita a 1970, domin masu ɗakin hoto. Tana cin fim mai lamba 120, wanda Kodak ya ƙirƙiro tun 1901, faɗinsa kusan santimita 6. Kowane hoto yana fita a santimita 6x7, wato ya ninka na ƙaramin fim mai milimita 35 fiye da sau huɗu. Shi ya sa in aka ɗauki dattijo cikin babbar riga, aikin allurar da ke wuyan rigar yakan fito zare-zare ko an faɗaɗa hoton. Ba ta da batir ko ɗaya, ƙarfe ne da sifirin.

Hoto nawa nadi ɗaya yake bayarwa?

Goma kacal. A ganina nan amfaninta yake, don mai hoto goma a hannu ba ya danna maɓalli sai ya gyara wa mutum hula, ya duba inda inuwa ta faɗi.

Me ya sa nake dannawa ta ƙi ɗauka?

Yawanci ba lalacewa ba ce. Akwai wani siririn farantin ƙarfe tsakanin akwatin fim da jikin kyamarar, in ba a zare shi ba, ba za ta ɗauka ba. Sannan kyamarar tana da hannaye biyu da ake turawa: babban da ke gefe yana ɗana madubi da shata (murfin da ke buɗewa ya rufe don haske ya shiga fim), ƙaramin da ke kan akwatin fim yana jan fim gaba. Sai an yi duka biyun. Haka in za a sauya ido, wato gilashin gaban kyamarar, a ɗana kyamarar da idon tukuna, kada a tilasta shi.

Wani abin da ke rikita sabon shiga shi ne leƙawa daga sama. Dama takan koma hagu a gilashin, ka karkata nan hoton ya gudu can. Kwana biyu hannu zai saba.

Wane ido zan fara saya?

Mai milimita 90 ko 127. Na 90 yana gani kusan yadda idon mutum yake gani. Na 180 shi ne na hoton fuska, yana narkar da abin da ke bayan mutum. Na 50 kuwa na gine-gine ne da fili. Ana saita kaifin hoto da wani zugazugi mai miƙewa gaba, don haka tana matsawa kusa da abu sosai.

Amma a lura, shatar tana cikin kowane ido ne, ba a jikin kyamarar ba, saurinta bai wuce 1/400 na daƙiƙa ba. Ribar haka, filasha tana aiki da kowane sauri. Illarsa, ido mai kyan gilashi yana iya zuwa da shatar da mai ya daskare mata. Kafin ka biya kuɗi, sa ta a daƙiƙa 1 ka saurara. In tana jan ƙafa ko ta tsaya, sai gyara.

Ba ta auna haske, yaya zan yi?

Manhajar auna haske a waya ta isa. In rana ta take, sa ƙofar haske a f/16, saurin shatar kuma ya yi kusa da lambar ISO ta fim, wadda ke nuna saurin kama haskensa: fim mai ISO 100, ka sa 1/125.

Za ta jure yanayinmu?

Ƙurar hunturu tana shiga lungun zugazugin, don haka a sauya ido a cikin ɗaki, a hure ƙura kafin a goge gilashi. Damina ta fi haɗari, domin danshi yana haifar da fumfuna a cikin gilashin, in ta daɗe sai ta ci shi. Kada a kulle ta cikin jakar fata wata da watanni. Soson da ke toshe haske a akwatin fim ma yakan ruɓe da tsufa, a duba shi. Fim kuwa a ajiye a firij, a bari ya huce daga sanyi kafin a buɗe ledarsa.

Ana iya riƙe ta a hannu?

Ana iyawa, amma nauyinta da ido ya haura kilo 2.5. A sa mata ƙafa uku. Bayanta yana juyawa, saboda haka ko hoton tsaye kake so, akwatin fim kawai za ka murɗa, kyamarar tana zaune inda take.