Waiwaye: Daga Jiragen Masunta Zuwa Jiragen Farautar Nakiya a Teku

Nakiyar ruwa makami ce mai araha. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba, ƙaramin jirgi yana iya zuba ta cikin dare ɗaya, amma kwashe ta sai an shafe makonni. Tun a 1855, lokacin Yaƙin Kirimiya, Rasha ta dasa nakiyoyi a mashigar Kronstadt, tasharta a Tekun Baltik, sojojin ruwan Ingila suka shiga kwale-kwale suna laluben su da ƙugiya. A 1904 wata nakiya ta nutsar da babban jirgin yaƙin Rasha Petropavlovsk tare da kwamandan rundunar, Makarov. Daga nan aka daina raina ta.

A Yaƙin Duniya na Farko masunta aka ɗauka don sharar nakiya, don su suka saba jan taru a ƙarƙashin ruwa. Nakiyar wancan zamani dunƙulen ƙarfe ce mai ƙahoni, ɗaure da waya a jikin anga, tana reto mita kaɗan ƙasa da saman ruwa. A cikin kowane ƙaho akwai kwalbar asid. Jirgi na gogarsa kwalbar ta fashe, asid ya tayar da lantarki, sai tashin wuta. Maganinta a yanke wayar. Jirgi yana jan doguwar igiyar ƙarfe a bayansa, wani allo yana danne ta zuwa zurfin da ake so, wani yana fizgar ta gefe, a jikinta an jera almakasan yanka. Nakiya ta taso, a harbe ta da bindiga. Idan gudu ya yi ƙasa igiyar ta saki ta sarƙe a dutse ko ɓaraguzan jirgi, idan ya yi yawa ta taso ta tsallake nakiyar. A mashigin Dardanelles na Turkiyya a 1915, ƙarfin ruwa da luguden igwa suka hana jiragen masunta aiki, ranar 18 ga Maris kuwa jerin nakiyoyin da jirgin Turkiyya Nusret ya dasa ya jawo asarar manyan jiragen yaƙi uku na Ingila da Faransa.

A 1939, farkon Yaƙin Duniya na Biyu, Jamus ta sauya salo. Sabuwar nakiyarta kwanciya take yi a ƙasan teku, babu wayar da za a yanke, maganaɗisun jikin jirgin ƙarfe ne ke tayar da ita. Sai da ɗaya ta faɗa cikin taɓo a Shoeburyness, a gaɓar Ingila, a watan Nuwamba, jami'in sojan ruwa John Ouvry ya kwance ta da hannu, sannan aka gano sirrinta. Aka rinƙa kewaye jirage da wayar lantarki don kashe maganaɗisunsu, masu shara kuma suna jan kebur biyu masu aika lantarki cikin ruwa don nakiyar ta ɗauka jirgi ne. Ba a jima ba aka fito da mai jin ƙarar inji, a 1944 kuma mai jin canjin nauyin ruwa idan jirgi ya ratsa, wadda har yau yaudarar ta ke da wuya. An kuma sa wa wasu ma'aunin ƙirge: mai shara ya bi ta kanta sau da dama ta yi lamo, sai jirgin da ya cika adadin ta tashi da shi.

Bayan an gama yaƙin, Amurka ta yi sake da wannan fanni, ta kuma ɗanɗana kuɗarta a Wonsan ta Koriya a Oktoban 1950. Nakiyoyi kusan 3,000 suka tsare rundunar da ta zo sauke sojoji kwanaki, jiragen shara biyu, Pirate da Pledge, suka nutse rana ɗaya. Aka koma gina su da katako don kada su ja maganaɗisu, kafin Ingila ta ƙaddamar da Wilton a 1972, jirgin yaƙi na farko da aka ƙera da roba mai zaren gilashi.

Babban sauyin shi ne barin shara a makance a koma farauta. Jirgin farauta tafiyar hawainiya yake yi, na'urar sona tana aika sauti gabansa tana karɓar amsa-kuwwa. Duk abin da ya bayyana, ana duba siffarsa da inuwarsa a allo. Idan ya yi kama da nakiya, jirgin ya tsaya nesa, a tura mai nutso ko ƙaramar na'ura mai kamara, irin PAP 104 ta Faransa, ta ajiye abin fashewa kusa da ita ta dawo. SeaFox ta Jamus ita ba ta dawowa, tare suke tarwatsewa. Wahalar tana kusa da gaɓa: ƙasan ruwan cike yake da tsoffin anga, ganguna da duwatsu, kowanne sai an tantance shi. Bambancin zafin ruwa na sama da na ƙasa yana lanƙwasa sauti, nakiyar da ta nutse cikin laka kuwa sona ba ta cika ganin ta ba. Saboda haka kuskure ne a ce farauta ta kashe shara. Inda ƙasa ta yi laka, dole a koma ja.

A Fabrairun 1991 nakiyoyin Iraƙi suka illata jiragen Amurka Tripoli da Princeton a rana ɗaya. Yanzu hankali ya karkata ga cire mutum daga filin nakiya ɗungurungum: Beljiyam da Holan sun yi odar jirage 12 da za su tsaya nesa suna tura jirage marasa matuƙi. Dabarar tana da kyau, sai dai ana gaggawar yi wa tsoffin jirage ritaya alhali buƙatarsu ba ta kau ba. Tun 2022, da Rasha ta kai wa Yukren yaƙi, nakiyoyi ke yawo a Bahar Aswad. A Janairun 2024 Turkiyya, Romaniya da Bulgeriya suka sa hannu kan kafa rundunar haɗin gwiwa don kwashe su, a watan ne kuma Turkiyya ta ce jiragen farauta biyu da Ingila ta ba Yukren ba za su ratsa mashiginta ba muddin ana yaƙi, bisa yarjejeniyar Montreux ta 1936, wadda ta tsara wucewar jiragen yaƙi ta mashigin.