Tsuntsayen Tsibiran Sao Tome da Firinsipe

Sao Tome da Firinsipe tsibirai ne biyu a Mashigin Tekun Gini, kudu da gaɓar Najeriya. Aman wutar duwatsu ne ya tayar da su daga ƙarƙashin teku, kuma ba su taɓa haɗuwa da babban yankin Afirka ba. Lokacin da Turawan Fotugal suka sauka a wajejen 1470, ba su tarar da ɗan Adam ko ɗaya ba. Duk abin da ke raye a can a lokacin, iska ce ta kai shi, ko igiyar ruwa, ko fiffike.

Wannan kaɗaici na miliyoyin shekaru shi ya haifar da nau'in tsuntsaye fiye da 25 da babu su a ko'ina a duniya sai nan. Abin mamakin shi ne yadda girman jiki ya juye. Kanarin da ake kiwo a keji a gidajen Jos ɗan mitsitsi ne, amma ɗan'uwansa na dajin Sao Tome, mai kaurin baki da launin ƙasa-ƙasa, shi ne kanari mafi girma a duniya. An shafe kusan shekara ɗari ba a gan shi ba, har aka fid da rai, sai a 1991 aka sake cin karo da shi. Marai na tsibirin ma ƙato ne, haka tsuntsun nan mai tsotsar ruwan fure. Jinjiminsu kuwa ya tsuke, ya zama ƙarami a danginsa, yana kiwo a ƙasan kurmi.

Har yanzu dajin bai gama bayyana abin da ke cikinsa ba: a 2022 masana suka tabbatar da wata ƙaramar mujiya a Firinsipe a matsayin sabon nau'i, bayan an daɗe ana jin kukanta da dare.

Barazanar da tsuntsayen ke fuskanta ta zo ne a cikin jirgin ruwa. Ɓeraye da kyanwoyi da birai da mutane suka shigo da su suna cin ƙwai da 'yan tsaki, gonakin koko da na kwakwar manja kuma sun ci daji mai yawa. A 2006 aka keɓe gandun Obo domin kare abin da ya saura.

Mazauna Jos ba baƙin wannan labari ba ne. Tsaunukan Filato ma kamar tsibiri suke a tsakiyar fili, kuma daga nan aka gano wani sabon nau'in ba'u mai jan baya a 1998, wanda ake nazarinsa a dajin Amurum da ke Laminga.