Nas mai ziyarar gida a Ingila: abin da doka ta tanadar wa iyalin da suka iso sabo

Macen da ta haihu a Ingila, tsakanin kwana 10 zuwa 14 da haihuwa za a kira ta a waya, ko a aiko mata takarda, cewa wata nas na tafe gida ta duba ta da jaririn. Ga baƙon da bai daɗe da isowa ba, musamman in takardunsa ba su kammala ba, wannan kira yakan sa gabansa ya faɗi. Nawa za su caje mu? Anya ba leƙen asiri aka turo ta yi ba? Saboda wannan fargaba wasu kan ƙi ɗaga waya, su rufe ƙofa, alhali abin da suke gudu haƙƙinsu ne.

Wannan ma'aikaciya, wadda a can ake kira health visitor, nas ce ko ungozoma da ta ƙaro karatu kan lafiyar yara daga ciki har shekara 5. Tun watan Oktoba na 2015 ƙananan hukumomi ne ke ɗaukar nauyin aikin, kuma doka ta wajabta a yi wa kowane iyali tayin dubawa sau biyar: daga mako na 28 na ciki, bayan haihuwa, a mako na 6 zuwa 8, wajen shekara ɗaya, sai tsakanin shekara biyu da biyu da rabi. Ba a biyan ko sisi. Dokar cajin baƙi kuɗin kula da lafiya ta 2015, wadda aka tsaurara a 2017, ba ta shafi aikinta ba, haka ma aikin nas ta makaranta. Ɗalibi, mai bizar aiki, mai neman mafaka, har wanda bizarsa ta ƙare, duk ɗaya ne a nan.

A ƙasar Hausa mai jego tana da uwa ko gwaggo a kanta har a yi arba'in, ga ruwan zafi, ga kunun kanwa, ga mai karɓar jariri ta samu ta runtsa. A Ingila kuwa sau da yawa daga ita sai miji, shi ma ya fita aikin dare. Nas ɗin ba za ta maye gurbin uwa ba, amma ita ce za ta auna jaririn ta rubuta a jan littafin nan da ake bai wa kowane yaro, ta zauna ta ga yadda yake kama nono, ta duba inda yake kwana, ta ce a kwantar da shi rigingine kuma kada a lulluɓe masa kai. Za ta tambayi uwar ko tana barci, ko tana yawan kuka ba dalili. Wannan tambaya a amsa ta da gaskiya, domin ciwon damuwa bayan haihuwa yana da magani, kuma faɗinsa ba ya sa a ce uwa ta kasa. A tuna mata da allurar rigakafin tarin fuka ta BCG, wadda ake yi wa jariran da iyayensu ko kakanninsu suka fito daga ƙasashen da tarin fuka ya yi yawa, Najeriya na ciki. A kuma tambaye ta sakamakon gwajin jinin diddige da aka ɗauka a kwana na 5, wanda ke nuna ko yaro na da sikila.

Ƙofar shiga duk wannan ita ce rajista da likitan unguwa, wato GP. Ƙa'idar hukumar lafiya ta NHS a fili take: kowa na iya yin rajista kyauta, ba sai ya nuna fasfo, biza ko shaidar adireshi ba. Wasu masu karɓar baƙi a asibitocin unguwa kan mayar da mutum saboda rashin takarda, amma hakan ya saɓa wa ƙa'ida, kuma ƙungiyar Doctors of the World na taimaka wa waɗanda aka yi wa haka. Wanda Turanci bai zauna masa ba ya nemi tafinta, kyauta ne. Kada a sa yaro ya fassara wa mahaifiyarsa maganar ciwonta.

Inda kuɗi ke shigowa shi ne asibiti da wasu ayyukan jinya na gida, kamar awon ciki wurin ungozoma da nas mai zuwa wanke ciwo. Wanda ya biya harajin lafiya lokacin neman biza, wanda daga Fabrairun 2024 ya koma fam 1,035 a shekara ga babba, fam 776 ga ɗalibi da yaro, ba za a sake cajinsa ba. Masu bizar aikin lafiya da kula da tsofaffi an ɗauke musu harajin. 'Yan gudun hijira da masu neman mafaka da ake duba buƙatarsu ba sa biya. Amma mai bizar ziyara da wanda ba shi da izinin zama, ana cajinsu kashi 150 cikin 100 na kuɗin aikin. Duk da haka doka ta ɗauki awon ciki da haihuwa a matsayin larurar da ba ta jira, don haka ba a hana mace kulawa don ba ta da kuɗi, sai dai takardar bashi ta biyo baya. Bashin da ya kai fam 500 ya wuce wata biyu ana iya kai rahotonsa ma'aikatar cikin gida, ya kawo cikas a biza ta gaba, sai in an yi yarjejeniyar biya kaɗan-kaɗan ana kuma cikawa. Ƙungiyar Maternity Action na ba da shawara kan wannan. A ganina wannan sashe na dokar yana da tsauri fiye da kima, domin tsoron bashi ne ke sa mace ta ɓoye ciki har nakuda ta zo da matsala. Kowace irin takarda gare ki, 'yar'uwa, ki je awo.

Akwai kuma sharaɗin da ke kan yawancin biza, na haramcin cin tallafin gwamnati. Mutane da yawa na zaton ya haɗa da asibiti. Bai haɗa ba. Kulawar NHS ba ta cikin jerin tallafin da aka hana. Bugu da ƙari, sashe na 17 na Dokar Yara ta 1989 ya ɗora wa ƙaramar hukuma alhakin taimaka wa yaron da ke cikin buƙata, ko da iyayensa na da wannan sharaɗi, kuma taimakon kan kai ga masauki da kuɗin abinci. Nas ɗin na iya tura iyali can, ko wurin rabon abinci da kayan jarirai. Ba za ta san ɗakin na zubar da ruwa ko madara ta ƙare ba sai an faɗa mata.

Maganar ƙwace yara ita ce babban tsoro. Nas ba ta da ikon ɗauke yaro, ba ta ma da ikon shiga gida in ba a ba ta izini ba. Raba yaro da iyaye sai da umarnin kotu, ko 'yan sanda cikin gaggawa na tsawon da bai wuce awa 72 ba. Abin da ke kanta shi ne ta sanar da sashen kula da yara in ta ga alamar cutarwa, kamar shaidar duka a jiki ko barin ƙanana su kaɗai a gida. Kaciyar mata laifi ne babba a ƙarƙashin dokar 2003, ko da an kai yarinyar wata ƙasa aka yi, kuma tun Oktoban 2015 dole nas ta kai rahoto ga 'yan sanda in ta ga an yi wa 'yar ƙasa da shekara 18. Talauci ko ƙuncin ɗaki kuwa ba su isa dalilin raba iyali ba.

Wannan bayani na Ingila ne. Sukotlan da Wales da Ailan ta Arewa suna da nasu ƙa'idojin. Iyayen da suka biya harajin lafiya su kuma lura cewa jaririn da aka haifa a can ba a cajinsa a asibiti na wata uku ne kawai, muddin bai fita ƙasar ba, don haka a nema masa tasa bizar kafin wa'adin ya cika.