Wai wace ce Jenifa ɗin nan? Tambayoyi kan Funke Akindele

'Yan shekarun nan in Disamba ta kama, ka leƙa silima a Jabi ko Central Area nan Abuja za ka tarar da layi, kuma sau da yawa fim ɗin mace ɗaya ake bi. Mutanenmu da yawa fuskar kawai suka sani, Jenifa suke ce mata. Ga abubuwan da aka fi tambaya a kanta.

Jenifa ne sunanta na gaskiya?

A'a. Funke Akindele ce, Bayerabiya 'yar Ikorodu ta jihar Legas, an haife ta 24 ga Agusta 1977. Ta yi difloma a aikin jarida a Abeokuta, daga baya ta karanta lauya a Jami'ar Legas. Don haka Turancin nan da take kwaɓawa a fim da gangan ne, ba rashin boko ba ne.

A ina ta fara?

A talabijin, kuma ba da barkwanci ba. Shirin I Need to Know ne, wanda asusun kula da yawan jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ɗauki nauyi, an yi shi daga 1998 zuwa 2002, ta fito a Bisi, 'yar sakandare mai hankali, ana wayar wa matasa kai kan lafiyarsu. Da shirin ya ƙare ba ta samu shiga finafinan Turanci yadda take so ba, sai ta koma na Yarabanci, can ta goge.

To Jenifa fa, daga ina ta ɓullo?

Fim ne na 2008. Yarinya ce 'yar ƙauye mai suna Suliat, ta zo jami'a a birni, ta ga 'yan gayu, ita ma ta ce wallahi ba za a bar ta a baya ba, ta sauya suna ta koma Jenifa, ta shiga bin manyan mutane, ƙarshen abin kuwa bai yi daɗi ba. Abin da ni yake kama ni a nan shi ne kana cikin dariyar shigarta da Turancinta, sai ka ji tausayi ya kama ka, don ka san irinta, kowa ya san yarinyar da ta sauka tashar Nyanya ko Zuba da jaka ɗaya da buri fal ciki, tana jin kunyar inda ta fito. Rawar nan ce ta ba ta kyautar gwarzuwar jaruma ta AMAA, gasar finafinan Afirka, a 2009. A 2015 ta mayar da labarin shiri mai dogon zango, Jenifa's Diary, inda take aikin gyaran gashi, mawaƙi Falz ma ya fito a ciki.

Me ya sa ta daɗe haka alhali 'yan barkwanci da yawa shekara biyu uku sun ɓace?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna. Ba ta tsaya jiran darakta ya kira ta ya ba ta sallama ta tafi gida ba. Ita ke rubutawa, ita ce furodusa, wani lokacin ita ce darakta, kamfaninta ke yin aikin, kenan Jenifa kayanta ce, ba wanda zai tashi gobe ya ce ya sa wata. Kuma in za ta saki fim ita da kanta take fitowa talla, rawa a Instagram, zagaye silima silima tana gaisawa da 'yan kallo, wasu na cewa abin ya yi yawa amma ni ban ga laifin mai talla da ta ɗaga murya kan hajarta ba. Haka ta saki Omo Ghetto: The Saga a 2020, Battle on Buka Street a 2022, sai A Tribe Called Judah da ya fito 15 ga Disamba 2023 ya zama fim ɗin Nollywood na farko da ya haura naira biliyan 1 a silima.

Ance ta shiga siyasa?

Eh, ta tsaya mataimakiyar gwamnan Legas a PDP tare da ɗan takarar gwamna Jandor a zaɓen 2023, gwamna mai ci a lokacin Sanwo-Olu ya kayar da su, ta koma bakin aikinta. Kafin nan ma a Afrilun 2020 lokacin kullen korona kotu ta ci ta tarar naira 100,000 da aikin al'umma na kwana 14 saboda liyafar da ta haɗa a gida, ta amsa laifinta.

Mu a Kannywood ba mu da irinta ne?

Baiwa kam akwai. Marigayiya Saratu Gidado, Daso, wadda ta rasu a Afrilun 2024, kallo ɗaya za ta yi ka fashe da dariya. Amma duba irin rol ɗin da ake ba matanmu masu ban dariya, uwar miji, kishiya, 'yar gulmar unguwa, fitowa biyu uku shikenan, shi kuwa fim ɗin barkwanci sukutum maza ake gina wa, marigayi Ibro, Bosho, Daushe. Gaskiya abin na min ciwo, ina son in ga ranar da za a ɗora fim gaba ɗaya a kan mace mai ban dariya, kuma kuɗin fim ɗin ya shiga aljihunta.

Wanda bai taɓa kallonta ba, da wanne zai fara?

A Tribe Called Judah. Uwa ce mai 'ya'ya maza biyar, kowanne ubansa daban ƙabilarsa daban, ciwon ƙoda ya kama ta babu kuɗin magani, yaran suka yanke shawarar yin fashi. Uzee Usman ne ya fito a Adamu, ɗanta Bahaushe. Akwai dariya, amma a shirya, akwai inda za a share hawaye.