Kason Mata a Majalisun Ƙananan Hukumomi: Me Ake Nufi da Shi?

Idan aka ce "kason mata" a siyasa, ana nufin doka ta ware wasu kujeru, ko wani adadi na 'yan takara, ta ce waɗannan na mata ne. Iri biyu ne, mutane kuma suna yawan cakuɗa su. Akwai wanda ake tilasta wa jam'iyya ta saka mata a jerin 'yan takararta, akwai kuma wanda kujerar kanta ake killacewa, namiji ba zai tsaya takararta ba ko da shi ne mai garin.

Inda aka fi ganin na biyun a aikace shi ne Indiya. A 1992 majalisar ƙasar ta yi wa tsarin mulki gyara na 73, ya fara aiki a watan Afrilun 1993. Gyaran ya ce kashi ɗaya cikin uku na kujerun majalisun ƙauyuka, waɗanda suke kira panchayat, na mata ne, har da kujerun shugabanci. Ana kuma juya kujerun: ƙauyen da aka ware wa mace a wannan zaɓen, a na gaba wani ne. Jihar Bihar ta ɗaga nata zuwa rabi a 2006, jihohi da dama suka bi sahu. Yau matan da ke riƙe da irin waɗannan kujeru sun haura miliyan ɗaya.

To, ya canza wani abu? Masana tattalin arziki biyu, Esther Duflo da Raghabendra Chattopadhyay, sun bi ƙauyukan Birbhum a Bengal ta Yamma da na Udaipur a Rajasthan, suka fitar da sakamako a 2004. Inda mace ke shugabanci, an fi zuba kuɗi a ruwan sha. Ni ban yi mamaki ba. Wadda ta san nauyin tulu tun kafin rana ta fito, ta san famfon da ya lalace da wanda layinsa ke kai wa azahar, ba sai an rubuto mata rahoto ba.

Sai dai akwai kuka. Indiyawa har suna suka raɗa wa matsalar: sarpanch pati, wato "mijin shugaba". Matar ce ta ci zaɓe, sunanta ke kan allon ofis, amma maigidan ne ke zaune a kujerar, shi ke ganawa da 'yan kwangila, ita sai dai a kai mata takarda gida ta sa hannu. Kura da fatar akuya ke nan. Masu sukar tsarin nan suke kafa hujja, kuma ba ƙarya suka yi ba. Amma ko da irin waɗannan gidajen a cikin lissafi, kuɗin ruwan dai ya ƙaru.

Nijar nau'in farko ta ɗauka. Dokar 2000 ta tanadi aƙalla kashi 10 cikin 100 na muƙaman zaɓe ga kowane jinsi, aka mai da shi 15 a 2014, sannan 25 a 2019, kuma ta shafi kansilolin gundumomi.

Najeriya fa, da ƙananan hukumominta 774? Kashi 35 cikin 100 na muƙamai da ake yawan cewa a bai wa mata ya fito ne daga manufar ƙasa kan jinsi ta 2006. Manufa ce, ba wanda za a soke wa zaɓe don ya ƙi binta. A watan Maris na 2022 Majalisar Tarayya ta yi fatali da ƙudurin ware wa mata kujeru na musamman. Abin da ya rage shi ne muƙamin shugabar mata a jam'iyya, wadda aikinta ya fi yawa ranar gangami: tara mata, raba atamfa, da cika fili.